Yadda na sauya wa bindigar Kawu bututu zuwa 9.3x64

Bindigar Mauser ce ƙirar kamfanin FN na garin Herstal a Beljiyam, irin waɗanda aka yi wa mafarauta a shekarun 1950. Kawuna, tsohon ofore da ya ƙare aikin gandun daji a Tahoua, shi ya riƙe ta shekara da shekaru kafin ya sa a mayar da takardunta da sunana. Harsashinta na asali 7x64 ne (lambar farko kaurin ƙwaya ce, ta biyu tsawon kwanso, a milimita), wanda Bajamushe Wilhelm Brenneke ya fito da shi a 1917. Akwai dalilin da ya sa 7x64 ya yi yawa a ƙasashen da Faransa ta raina. Dokar Faransa ta daɗe tana ƙuntata wa farar hula riƙe bindiga mai cin harsashin soja irin 8x57 ko .30-06, sai a 2013 aka sassauta. Mafarautansu suka rungumi harsasan da soja ba ya amfani da su, mu kuma abin da suka kawo shi muka gada.

Uwar bindigar lafiyarta lau. Sakatar tana shiga tana fita sumul, kunamar ba ta da gardama. Bututun ne ya mutu. In ka haska cikinsa, wajen da ƙwayar harsashi take fara kama tsaga ya cinye, tsatsar damina ta yi masa ramuka, bakin kuma ya buɗe saboda shekarun da aka yi ana zura masa sandar ƙarfe ta gaba wajen gogewa. A mita 100 ƙwaya takan bugi takarda a kaikaice. Tunda dole a sa sabon bututu, tambayar da ta taso ita ce: a mayar da 7x64 ɗin, ko a nemi wanda ya fi shi?

Mutumin Amurka ba zai ɓata lokaci a kan wannan tambaya ba, sai ya sayi bindiga ta biyu. A Yamai ba haka abin yake ba. Kowace bindiga da permi ɗinta daga ma'aikatar cikin gida, harsashi ma sai da izini, kuma a lokacin Nijar tana cikin CEDEAO, wadda yarjejeniyarta ta 2006 ta hana shigo da ƙananan makamai da harsasai sai da izini na musamman. Wanda ya samu guda ɗaya ta halal ya gode wa Allah. Don haka ɗayar nan ce za ta yi mini komai.

Komai ɗin ma ba a gida yake ba. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta watan Afrilun 1998, ta kare dabbobi da yawa, kuma ba mai hankalin da zai ɗaga bindiga a kan raƙuman dawan Kure ko abin da ya rage na namun Termit. Gandun W ba wurin farauta ba ne tun da aka kafa shi a 1954. Da can masu sha'awar manyan namun daji sukan ƙetara zuwa yankunan Pama da Arli a Burkina Faso, ko kewayen Penjari a Benin, amma rashin tsaro ya rufe wannan hanyar. Abin da ya saura a kusa shi ne arewacin Kamaru, yankunan farauta da ke kewaye da gandun Binuwai da Faro, inda ake sauka a Garwa. Can ana samun gwanki da kanki da mariya da gyado, da ɓauna ga mai ƙarfin aljihu. Gwanki babba yakan kusa kilo 300, kuma ba ya yarda a matso shi. Harbin mita 200 ba abin mamaki ba ne. Ɓauna kuwa a cikin ciyawa ake haɗuwa da ita, wani lokaci tazarar ba ta kai mita 40 ba. 7x64 yana iya wa gwanki in an sa ƙwaya inda ya dace. Ɓauna ta fi ƙarfinsa.

A fadarmu da ke unguwar Plato, duk wanda na yi wa maganar amsarsa ɗaya ce: .375 H&H. Kuma ba su yi ƙarya ba. Tun 1912 da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi ake kashe namun Afirka da shi, kusan kowane sansanin farauta akwai kwalinsa a ajiye, kuma ƙasa irin Tanzaniya shi ta sa a matsayin mafi ƙanƙanta da za a harbi dabba mai haɗari da shi. Da sabuwar bindiga zan saya, da magana ta ƙare nan.

Maƙerin bindigar da aka haɗa ni da shi, wani dattijo a birnin Liyej na Beljiyam, shi ya fara tsayar da ni. Ya ce in auna gidan harsashin bindigar in faɗa masa. Mauser irin ta 1898 an yi ta ne don harsashin da bai wuce milimita 84 ba. .375 H&H tsawonsa ya haura milimita 91. Kafin ya shiga sai an sassaƙe ƙarfe daga gangaren da harsashi yake hawa zuwa ɗakinsa da ke gindin bututu, kuma wannan ƙarfen shi ne ke tokare haƙorin sakata na ƙasa lokacin da bindiga ta tashi. Ya ce ana yi, FN da kanta ta yi, amma shi ba ya son rage ƙarfe a wurin da yake ɗaukar matsi, musamman a bindigar da ta girme ni. Wannan ya ishe ni hujja.

Daga nan muka shiga lissafin waɗanda za su zauna a gidan ba tare da ɓarna ba. .300 Winchester Magnum na 1963 na ajiye shi nan take, ƙwayarsa ta yi wa ɓauna siriri. .338 Winchester Magnum na 1958 ya ɗan riƙe ni, domin tsawonsa ya dace kuma ana samunsa. Wanda ya fi jan raina shi ne 8x68S, harsashin Jamus na ƙarshen shekarun 1930, wanda Faransawa suke ji da shi. Yana tura ƙwaya mai giram 12 da wani abu da gudun da ya haura mita 900 a daƙiƙa, tafiyarsa a miƙe take, ga gwanki a fili babu kamarsa. Amma tsawonsa milimita 87 ne, ga shi yana son dogon bututu kafin ya nuna kansa. Abin da ya kayar da su biyun shi ne doka. Zimbabuwe tana neman kaurin ƙwaya ya kai milimita 9.2 da ƙarfin bugu na jul 5,300 (jul shi ne ma'aunin wannan ƙarfi) kafin a tunkari ɓauna, .338 kuwa 8.6 ne, 8x68S kuma 8.2. Ban san ranar da Allah zai kai ni can ba, amma ban ga dalilin da zan rufe wa kaina ƙofa da kuɗina ba.

Sai aka koma kan dangin harsasan 9.3. A nan Kawu ya shigo maganar, ta waya daga Tahoua.

"Ɗana, in 9.3 kake so, ka sa 9.3x62 ka huta. Na ga abin da yake yi da idona."

"Kawu, na Brenneke nake dubawa, 9.3x64."

"Wannan kuma wa ke sayar da shi?"

Tambayarsa tana kan hanya, zan dawo kanta. 9.3x62 aikin Otto Bock ne, maƙerin Barlin, a 1905, an yi shi musamman don manoman Jamus da ke zaune a Afirka su samu harsashi mai ƙarfi da zai shiga Mauser mai araha. Yana tura giram 18.5 da gudun wajen mita 720, ƙarfinsa bai kai jul 5,000 ba. Shurinsa da sauƙi, gidan yana ɗaukar biyar, ba a taɓa fuskar sakata. Mutum mai hankali zai tsaya nan. Sai dai Namibiya tana neman jul 5,400 ga ɓauna, kuma bayan mita 200 ƙwayarsa takan fara sunkuyawa.

9.3x64 kuwa Brenneke ya fito da shi a 1927, da niyya guda: a samu ƙarfin .375 H&H a cikin Mauser ta kowa da kowa. Kada lambobin su ruɗe ka ka ɗauka milimita biyu ne kawai bambancinsa da 9.3x62. Kwanson ya fi kauri sosai, kusan milimita 12.9 a gindi, don haka ya fi cin albarushi. Ƙwaya mai giram 19 tana fita da gudun wajen mita 785, wato jul 5,800 da 'yan kai, kafaɗa da kafaɗa da .375. Tsawonsa duka milimita 85.6, abin da gidan Mauser zai ɗauka in an ɗan buɗe shi ta baya, inda babu haɗari. Ba shi da ɗamarar nan da ake yi wa kwanson magnum na Ingila da Amurka a gindi, a kan kafaɗarsa yake tsayawa cikin ɗaki. Aikin da ake buƙata shi ne faɗaɗa fuskar sakata daga milimita 12 zuwa 12.6, da gyara leɓunan gidan harsashi don su saki kwanso mai kauri a kan lokaci. Maƙerin ya ce wannan na biyun shi ne aikin gaske, ana yi da zarto a hankali ana gwadawa, kuma wanda bai iya ba yakan lalata bindiga gaba ɗaya, domin ƙarfen da aka cire ba ya dawowa.

Abin da na rasa da wannan zaɓin a fili yake. Inda doka ta ce sai .375, wato milimita 9.5, to 9.3 bai cika ba ko da ƙarfinsu ɗaya. Gidan kuma uku zai ɗauka maimakon biyar.

Yanzu ga tambayar Kawu. Harsashin da ba kowa ke da shi ba, ranar da jakarka ta ɓata a filin jirgi ranar bindigarka ta zama sanda. Kamfanoni kaɗan ne suke yin 9.3x64, mafi shahara RWS da Brenneke, kuma a lokacin kwali mai guda 20 ya haura Yuro 100, sama da jika 65 ke nan kafin kuɗin hanya da na duwan. Ƙa'idar jiragen sama kilo 5 na harsashi ce ga kowane fasinja, kowane guda kuma ya kai wajen giram 40, ka ga ɗari da 'yan kai ne iyaka, in ma takardarka ta yarda da hakan. Cika kwanso da hannu, wanda masu irin waɗannan harsasai suke dogara da shi a Turai, ba zance ba ne a wajenmu. Ban ba maƙerin izinin fara aiki ba sai da dillalin da ke da lasisin shigo da kaya ya tabbatar mini a rubuce cewa zai iya samo iri guda, daga zubi guda, da yawan da izinina ya ƙayyade. Na kuma tambayi mai sansanin da nake zuwa ko yana da .375 ta haya in ta ɓaci, ya ce akwai. Da ɗayan biyun nan ya gagara, da 9.3x62 na Kawu na sa.

Maganar bututu ta fi ta harsashi cin lokaci, ko da yake ba a cika yin ta a fada ba.

Na farko tsawo. Kamfanonin Jamus sukan auna gudun harsasansu a dogon bututu, sau da yawa santimita 65, kuma kowane santimita da aka rage yana cin wajen mita 3 zuwa 4 na gudu. Dogon bututu yana da daɗi a fili, amma duk wanda ya bi sawun ɓauna cikin ƙirya da sarƙaƙiya ya san yadda yake kama reshe. Na ce a yi 60. Maƙerin ya ce 9.3 mai faɗin rami ne, yana ƙone albarushinsa da wuri, ba kamar 8x68S ba, saboda haka asarar ba za ta kai ta dame ni ba, amma ya roƙi in bar masa 62 don bindigar ta daidaita a hannu. Aka tsaya a nan.

Na biyu kauri, wanda shi ne nauyi. A nan mutane suke cutar kansu. Kowa yana son bindiga marar nauyi don tafiyar yini, amma 9.3x64 a bindigar kilo 3.5 azaba ce, kuma wanda bindigarsa take ba shi tsoro yakan runtse ido kafin ya ja kunama. Muka nufi kilo 4.4 har da madubi. Ya kawo shawarar a sa abin rage shuri a baki, na ƙi. Wannan abin yana watsa ƙara gefe ne, masu bin sawu kuwa a gefenka suke tsaye, ba su da abin toshe kunne, kuma da kunnen nan suke cin abinci.

Na uku murɗin tsaga, wato nisan da ƙwaya take yi kafin ta juya sau ɗaya a cikin bututu. Na 9.3 da aka saba shi ne milimita 360. Na yi ta karanta cewa ƙwayoyin zamani na tagulla zalla sun fi na dalma tsawo, doguwar ƙwaya kuma tana son murɗi mai sauri, don haka na nemi 305. Ya tambaye ni nauyin da zan riƙa harbawa, na ce tsakanin giram 16 da 19. Ya ce 360 ya ishi wannan har da saura, ya kuma ƙara da abin da ban taɓa kawowa a raina ba: iska mai zafi ba ta da kaurin mai sanyi, ƙwayar da ta tsaya daidai a sanyin Beljiyam za ta fi tsayawa a zafin Garwa. Na bar masa.

Zafin nan shi ya yanke hukunci a kan ɗakin harsashi ma. A watan Afrilu Yamai takan kai digiri 45, kuma albarushi mai zafi yana ƙara matsi. Turawan Ingila sun san haka tun zamanin tsohon albarushinsu mai suna kodayit, shi ya sa suka yi wa .416 Rigby na 1911 ƙaton kwanso mai ƙaramin matsi. .458 Winchester Magnum na 1956 ma ya taɓa ɓata sunansa a Afirka saboda albarushin da aka danna a ƙaramin kwanso yana dunƙulewa. Iyakar matsin 9.3x64 bar 4,400 ne, ba wasa ba. Masu gasar harbi suna son ɗaki matsattse don ƙwayoyi su taru wuri ɗaya. Ni na ce a yanka shi daidai ma'aunin CIP, hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ma'aunan bindiga da harsashi, kada a matse ko kaɗan. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma kwanson da ya maƙale bayan harbin farko, ɓauna tana kallonka, ya fi rashin santimita ɗaya a takarda muni nesa ba kusa ba.

Ƙarfe kuwa ban daɗe a kansa ba. Marar tsatsa ba ya karɓar baƙin rini irin na uwar bindigar, kuma fari yana ƙyalli a rana. Na zaɓi ƙarfe na gargajiya daga kamfanin Lothar Walther na Jamus. Ana yawan gardama a kan wace hanyar yin tsaga ta fi, yankawa ɗaya bayan ɗaya, ko jan maɓalli, ko bugawa da guduma. A ganina wannan gardamar masu harbin mita 1,000 ce. Batun daɗewar bututu ma bai dame ni ba. Waɗanda suke ƙone maƙogwaronsu da wuri su ne masu tura albarushi mai yawa ta siririn rami, irin 6.5x68 da .264 Winchester Magnum. 9.3 a hannun mutumin da ba ya ƙarar da kwali uku a shekara zai kai ga jikoki.

Ƙotar katakon ta Kawu ce, ban yarda a sauya ta ba. Amma katakon da ya saba da shurin 7x64 zai tsage a ƙarƙashin wannan, saboda haka aka soke shi da ƙusoshi biyu a gicciye, aka ƙara wa bututun wani haƙori a ƙasa da zai raba nauyin shurin, aka zuba danƙo mai tauri inda ƙarfe yake kwanciya. Daga nan zuwa gaba an bar rata tsakanin katako da bututu, domin katako yana kumbura da damina ya motse da rani, in yana taɓa ƙarfe sai saiti ya riƙa yawo da yanayi. Na sa aka ɗaura maƙalin maɗauri a jikin bututu maimakon katako don kada ya yanki hannun hagu, aka sa saitin ƙarfe na ido, da madubi mai ƙara girma 1.5 zuwa 6 wanda ake cirewa da hannu.

Kafin ta baro Beljiyam sai da ta bi ta gidan gwajin makamai na Liyej, kamar yadda dokarsu ta tilasta. Can ake harba ta da harsashin da matsinsa ya ɗara na kasuwa da kashi 25 cikin 100, a auna ɗakin, sannan a buga mata hatimi. Wannan takardar ta yi mini amfani a Yamai, domin lambar bindigar ba ta sauya ba amma harsashinta ya sauya, kuma dole abin da ke rubuce a permi ya yi daidai da abin da ke jikin bututu da gindin kwanso. Na shigar da buƙatar gyaran tun kafin bindigar ta fita, ta hannun dillalin, na ajiye kwafin kowace takarda. Wanda zai bi wannan hanya ya fara da takardu kafin ƙarfe, kuma ya sa haƙuri.

Gwajin gaske a filin saiti na sansanin na yi shi, da hantsi, rana ta fara zafi. Shurin yana nan, ba zan ɓoye ba, amma turi ne mai nauyi, ba mari ba, kuma a tsaye a kan sandunan dogarawa mutum yana jure shi. Ƙwayoyi uku masu giram 19 suka taru cikin santimita 3 a mita 100. Na saita ta tana bugawa santimita 4 sama da tsakiya, wanda ya sa take faɗawa daidai a wajen mita 160, a mita 200 kuma saukarta ba ta kai santimita 10 ba. Na cika gidan na yi ta jan sakata da ƙarfi da sauri, na yi a hankali, na karkata bindigar na sake yi, ko sau ɗaya harsashi bai tsallake ba. Kwalin da na bari a inuwa da wanda ya ɗan sha rana duka sun fita daga ɗaki ba tare da sakata ta yi tauri ba, ko da yake tun daga ranar a jakar zane nake ajiye su ƙarƙashin kujerar mota, ba a gaban gilashi ba.

Gwankin farko a wajen mita 180 ya tsaya, ya ba ni kafaɗa. Bai yi taku ashirin ba. Ɓauna ban kai gare ta ba tukuna, kuɗin takardarta sai an shirya. Da na kai wa Kawu bindigar Tahoua ya gani, ya ja sakatar, ya leƙa bututun ta hasken ƙofa, ya ce aikin ya yi kyau, amma har gobe shi 9.3x62 zai sa.